Magidanci mai ƴaƴa biyar zai shiga tseren keke, ku ba shi shawara

Baban Nana
Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, na san wasu za su yi dariya, to ku dara ku gama sannan ku ba ni amsa. Matasan unguwanninmu nan Maradi sun shirya tseren keke a makon bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar. Ba na ƙwararru ba ne, kowa da irin keken da Allah ya hore masa. Yara kilomita 10, manya kilomita 40, rajista jika biyu. Babban yaron wajena ya sa suna tun ranar da aka buɗe, ni ma kuma raina ya biya. Shekarata 43, ƴaƴa biyar, shagon yadi gare ni a babbar kasuwa, wato zama ne daga safe har magariba, ga tumbi ya fara riga ni shiga ɗaki. Da Inna ta ji, cewa ta yi in har na fito titi da gajeren wando ina tsere da yara, kada in ce ita ta haife ni. Uwargida kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Akwai magidancin da ya taɓa shiga irin wannan? Yaya ya yi da lokacin horo? Kuma wane irin keke zai kai ni ya dawo da ni?

Ɗan Kabu-kabu
Wa alaikumus salam. Yaya, sa suna kawai. Zan bi ka a baya da babur, inda numfashi ya ƙare in ɗauko ka. Dala ɗari ne zuwa ƙofar gida, keken kuma kuɗinsa daban 😂

Bagobirin Tibiri
Ni dai ina bayan Inna. Namiji in ya aje iyali akwai abin da ya wuce shi. Gobe wani shi zo neman ɗiyarka, a ce mishi ai surukin naka shi ne wanda munka gani yana haki bisa kwalta yara na mishi ihu. Keke abin hawa ne, ka tahi gona, ka tahi kasuwa, ba laihi. Amma tsere? Wanga aikin samari ne.

Mushe Mai Ritaya
Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Mu da muke cika filin kokuwa tun hantsi? Filin nan na Maradi sunan wa aka sa masa in ba Kantu ba, wanda ya fara ɗauko mana takobin gasar kokuwa ta ƙasa a Tawa a 1975? Mutanen da ke shiga filin da ɗan abin da ke ƙugunsu, da yawansu masu mata da ƴaƴa ne, ga gwamna ga sarakai zaune suna kallo, ba wanda ya taɓa cewa girmansu ya zube. To me ya sa kokuwa ba ta zubar da girma sai keke?

Ni abin da na lura da shi, mun mai da keke shaidar rashi. Wanda ya samu ya sayi babur, daga babur sai mota, in aka sake ganinsa kan keke sai a ce ya karye. Lokacin ƙuruciyarmu kuwa mai sabuwar Rali shi ne ɗan gayu, har ado ake yi mata. Maƙwabtanmu na Burkina ba su ɗauko wannan kunyar ba. Tun 1987 suke yin tseren keke na Tour du Faso, gari guda ke fitowa bakin hanya, kuma a Wagadugu tsoho da tsohuwa da ma'aikaci duk keke suke takawa.

Bagobirin Tibiri
Mushe, kokuwa gado ce, mun tashi mun iske ta. Keke Nasara ya kawo.

Ɗan Zabarma
Agogon da ke hannunka da wayar da kake rubutu da ita kuma Bawa Jan Gwarzo ya bar maka ko? Bagobiri dai tsoro yake kada a ce shi ma ya hau, a ga inda ƙarfin tuwo ya tsaya.

Bagobirin Tibiri
Kai bawana, yi shiru manya na magana.

Maman Ƴan Biyu
Ku yi haƙuri maza, duk kun tsallake wurin da maganar take. Baban Nana ya ce uwargida ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuka wuce kamar ba ku gani ba. Ni na san wannan shirun don na yi shi. Maigidana ya taɓa shiga irin wannan harka. Ranar tsere ba ta dame ni ba, rana ɗaya ce, har abinci na dafa na kai. Makonnin da suka gabace ta su ne aiki. Daga masallacin asuba ya wuce, ba ya dawowa sai yara sun makara. Wa zai yi wa ƙanana wanka, wa zai kai su lakwal, wa zai tsaya layin famfo in ruwa ya zo? Ni. In ya dawo ga gajiya, a ce a yi shiru Abba na hutawa. Ranar Lahadi da muke ganinsa a gida ita ce ranar tafiya mai nisa. Mutane suna yaba masa a titi, ba wanda ya tambayi daga aljihun wa lokacin ya fito.

Ban ce kada ka shiga ba, Yaya. Na ce lokacin da za ka yi horon ba a banza yake ajiye ba, yanzu haka wani abu ake yi da shi a gidanka. Ka fara sanin mene ne, kuma wa zai ɗauka in ka sauke.

Yaya Hajiya
Allah shi yi miki albarka ƴar'uwa. Ni ce yayarshi, ciki ɗaya, ban so in yi magana ba amma tunda ya kawo ta bainar jama'a. Tun da ya fara fita gwaji, matarshi ke goya ƙarami ta ja biyu zuwa lakwal, ga ta da nata ɗan sana'ar ƙuli-ƙuli da ke jiranta. Maganar Inna ku bar min, na san yadda nike lallaɓa ta. Wadda ba ta ce komi ba ita ce abin ji.

Baban Nana
Yaya, ashe kina cikin nan. To na ji.

Ɗan Burja
Yaya Baban Nana, ni ƴaƴana uku kuma ina hawa, bari in gaya maka yadda nake yi, ka ɗauki abin da ya dace da gidanka.

Na farko, kilomita 40 ba ta bukatar ka bar gida kullum. Wanda ke tafiyar kilomita 20 a awa zai gama cikin awa biyu, kuma magidanci mai lafiya zai iya kai wa nan in ya bi a hankali. Fita uku a mako ta isa. Biyu gajeru, minti 40 ko ƙasa da haka, ɗaya doguwa a ƙarshen mako wadda kake ƙara mata kaɗan kaɗan. Makon ƙarshe kuma ragewa ake yi, ba ƙarawa ba, don ƙafa ta huta. Masu zuwa su kashe kansu saura kwana uku su ne ake tsinta a gindin bedi.

Gajerun ba sai ka ware musu lokaci ba. Ka ajiye babur, ka tafi kasuwa da keke ka dawo da keke, ka bi doguwar hanya. In kana son abin da zai buɗe maka ƙirji, ka gangara wajen gulbi ka hauro cikin gari, ka sake gangarawa ka hauro. Wannan hawan shi kaɗai ne tudun da Allah ya ba mu, sai mu yi amfani da shi. Doguwar kuwa ni da uwargida mun yi yarjejeniya: safiyar Lahadi tawa ce, daga azahar zuwa dare tata ce. Ta je gidansu, ta je islamiyya, ta je suna, yara na hannuna. Kuma ba na dawowa in kwanta. Duk ranar da na dawo na miƙe a tabarma na ce na gaji, to na ci amanar yarjejeniya.

Na biyu, iska. A Disamba iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. In aka fita kudu wajen Jiratawa, tafiya daɗi, kana ji kamar an tura ka, sai ka ɗauka ƙarfinka ne. Dawowa ita ce tseren. Ka rage ƙarfi a rabin farko. Kuma kada ka yi tafiya kai kaɗai, ka laɓe bayan wani, tayarka kusa da tasa. Wanda ke baya yana samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala. Shi ya sa kake ganin ƙwararru a dunƙule, ba don zumunci ba ne. Amma sai ka koya tun yanzu tare da mutane, don wanda bai saba ba in na gaba ya taka birki duk ku zube.

Kada kuma a fita bayan gari da duhu. Kowa ya san halin da ake ciki ta wajen iyaka, ga manyan motoci da ba sa ganin mai keke. Sai gari ya waye tangaran.

Ɗalibin Ɗan Dikko
Baba ka shiga wallahi! Biniam Girmay na Eritiriya shi ma uba ne, yana da ɗiya, amma a 2024 ya ci zango uku a Tour de France, babban tseren keke na Faransa, ya tafi da koriyar rigar wanda ya fi tara maki, baƙar fatar Afirka na farko da ya yi haka. A Satumban 2025 kuma Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karon farko a Afirka. Lokacinmu ne!

Ɗan Burja
Ƙanena, Girmay aikinsa ke nan, da shi yake ci da iyalinsa. Yana da mai dafa masa, mai gyara masa keke, mai matsa masa ƙafa. Baban Nana in ya sauka daga keke shago zai buɗe, ya yi ciniki da mata masu neman ragi har la'asar. Kada mu auna kanmu da su, mu kalle su dai mu ji daɗi.

Mai Faci na Sabon Gari
Maganar keke ta zo hannuna. Alhaji, kada ka sayi sabon keke don tsere guda. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan gwanjo suka yi tsada, kayan gyara ma yawanci sai an ɗauko daga Kano ta Jibiya. Wane keke gare ka a gida?

Baban Nana
Wani mai giya ne mai faɗin taya, lamba 26, na saya wa yaron, sai kuma tsohuwar Fonis ta mahaifinmu.

Mai Faci na Sabon Gari
To Fonis a bar ta ta huta, nauyi gare ta kuma giyarta ɗaya, iskar dawowa za ta kashe ka. Mai lamba 26 ɗin ya isa, amma ke nan ku biyu keke ɗaya, sai ka nemi aro ko a ga yadda aka tsara lokaci. Abin da za a yi mishi: a cire tayoyin nan masu ƙuraje a sa masu santsi, don kan kwalta ƙurajen ja da baya suke yi. A canza robar birki. A wanke sarƙa da kalanzir a sa mata mai kaɗan a goge, ban da bulbula baƙin mai, da ƙurar hunturu sai ya koma taɓo yana cin haƙoran giya. A ɗaure wayoyin taya in akwai masu rawa. A cire kariya da duk wani ƙarfen ado.

Sirdi shi ne inda kowa ke kuskure. Mutanenmu na son su zauna ƙafa na taɓa ƙasa, shi ke kawo ciwon gwiwa. Ka hau, ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai, to nan ne tsayinsa. In ka mai da tafin gaba sai gwiwa ta ɗan lanƙwasa.

Sai tsidau. Kada ka sauka gefen hanya ko da mota ta matso, gara ka tsaya cak. Gefen nan duk ƙaya ce. Ka riƙe robar ciki guda a aljihu da ƙaramin famfo, ka zo in koya maka canzawa. Ranar tsere ba lokacin zama da sholisho ana jiran faci ya bushe ba ne.

Ma'aikaciyar Jinya
Yaya, kafin keke a duba mai keke. Shekara 43, zama a shago, ga tumbi da bakinka ka faɗa. Ka je a auna maka jini da sukari. In awon jini ya kai 14/9 (wato 140/90) ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka samu haka, sai ka ga likita kafin ka fara wahalar da zuciya. Ba hana ka za a yi ba, motsa jiki ma magani ne, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako. Amma daga zaman shekaru a faɗa tsere rana ɗaya, nan ne haɗarin yake. In kana tafiya ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ciwo na sauka hannun hagu, ka sauka. Ba jarumta a wannan, mutum shida ke jiranka a gida, bakwai da Inna.

Ruwa kuma, hunturu mayaudari ne. Zufa na fita iska na busar da ita nan take, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba. Ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan tun ba ka ji ƙishi ba. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗaya ka haɗa: lita guda, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Koko da ƙosai ko fura awa biyu kafin a tashi, dabino a aljihu. Kada ka gwada wani sabon abinci ranar.

Abu na ƙarshe, kuma don shi na fi yin magana. Za a samu wanda zai raɗa maka, ko ya raɗa wa yaronka, cewa ga ƙwayar da ke hana gajiya. Tramol ce. Ba ta ƙara ƙarfi, ciwo take rufewa, ta kawo jiri da gyangyaɗi, wani har farfaɗiya. A kan keke cikin cunkoso wannan ba kanka kaɗai za ka kayar ba. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta ta tun 2019, kuma a kanta aka soke wa Nairo Quintana na Kolombiya matsayi na shida da ya samu a Tour de France ta 2022. Mu da muke karɓar yaran da ta lalata mun san abin da muke gani. Masu shirya tseren nan su yi wa yara magana kafin a tashi.

Ɗan Kabu-kabu
Wannan gaskiya ne Anti. A cikinmu ma masu babur akwai waɗanda ta gama da su.

Malam na Zariya
Bismillah. An kira ni a waya an ce in leƙo. Tsere a kan kansa ba laifi ba ne ga babba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha (RA) ta tsere masa, bayan wani lokaci suka sake ya tsere mata, ya ce wannan ramuwar waccan ce. In shugaban halitta ya yi gudu da iyalinsa, ban ga girman da zai hana ɗan kasuwa taka keke ba.

Amma Inna tana da gaskiya ta fuska ɗaya. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Wandon nan mai ɗamewa, in dole ne don sirdi, sai a ɗora wani sakakke a kai wanda ya rufe gwiwa. Ina zaton in ta ga haka rabin faɗanta zai tafi. Sauran rabin kuma lallashi ne, uwa ba a yi mata gardama a kan abin da ba wajibi ba.

Sai kuɗi. In kyautar da za a ba wanda ya ci daga kuɗin rajistar ƴan tseren za a ciro ta, kowa ya zuba wani ya kwashe, malamai da yawa na ganin ya shiga caca. In wani ne daga waje ya sa kyautar, rajista kuma ta tafi ga ruwa da hidima, ba matsala. A tambayi masu shiryawa.

Abin da Maman Ƴan Biyu ta faɗa kuwa yana cikin Buhari. Salmanu ya ce wa Abu Darda'i Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ku lura, azumi da tsayuwar dare ne suka ɗauke Abu Darda'i daga iyalinsa aka yi masa wannan magana. To ina ga keke.

Ɗaya daga Masu Shiryawa
Mun gode Malam. Kyautar wani ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyinta, jika biyun na ruwa ne da lambobin da za a liƙa a riga da man baburan rakiya. Mun kai takarda ga hukuma don a tsare mana hanya, muna jiran amsa, in ba a ba mu ba za mu yi zagaye a cikin gari maimakon fita. Ba hular kwano, ba tsere, babba ko yaro.

Mushe Mai Ritaya
Ɗana, tambaya biyu. Ɗan shekara 43 da ɗan shekara 19 layi ɗaya za ku sa su? A ƙasashen da suka daɗe da abin, gasar masu sha'awa rukuni-rukuni ake yi da shekaru, kowa da sa'anninsa. Ku ware na ƴan 35 zuwa sama ko da kyautar sabulu ce, za ku ga magidanta sun fito.

Ta biyu ta fi muhimmanci. Yara da manya lokaci ɗaya za su tashi? Don in haka ne, yaron Baban Nana zai iso ƙarshen kilomita 10 ɗinsa ya waiga bai ga ubansa ba, uban na can wajen Jiratawa yana fama da kansa. Na koyar shekaru masu yawa, na san abin da yaro ke nema da ido in ya yi abin kirki. Mu Hausawa ga kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ma faɗa, balle yabo. To aƙalla a tsaya a wurin ya gan ka. In sai an zaɓa tsakanin tserenka da tsayuwar nan, ni na san wanda zan zaɓa maka.

Ɗaya daga Masu Shiryawa
Baba Mushe, da mun so a tashi tare don rana. Amma za mu iya sa yara ƙarfe bakwai, manya ƙarfe takwas. Rukunin manya kuma in an samu mutum goma za mu ware.

Mai Faci na Sabon Gari
Ka ga ke nan keke ɗaya ya ishe su. Yaro ya sauka, a ɗaga sirdi, uba ya hau. Zan zo da sifana.

Maman Hadiza
Tunda mai shiryawa na nan, ni ma ga tawa. Ɗiyata shekararta 12, ita ke kai niƙa da keke, duk layinmu ba yaron da ke kamo ta. Ta je sa suna aka ce ban da mata. Ta dawo ta ƙi cin abinci. Don me?

Bagobirin Tibiri
To, abin da nike gudu ke nan. An fara da uba, yanzu an kai ga ɗiya mace bisa titi.

Maman Hadiza
Baba, kullum bisa titin take, da buhun gero a baya, ba wanda ya ce komi. Sai ranar da za a ba ta kyauta ne titin ya zama abin kunya?

Ɗalibin Ɗan Dikko
Kristin Armstrong ta Amurka ta haihu a 2010, ta dawo ta ci zinare a tseren keke na gasar Olamfik ta 2012 da ta 2016, na ƙarshen tana gab da cika 43. Lizzie Deignan ta Ingila ma bayan haihuwa ta ci gasar keke ta Paris-Roubaix ta mata ta farko a 2021. Iyaye mata ne fa.

Maman Ƴan Biyu
Ɗana, bar mu da na Turai. Mu nan tambayar ita ce, in ni na ce safiyar Lahadi tawa ce zan fita motsa jiki, wa zai riƙe min yaran? Ɗan Burja ne kaɗai na ji ya ambaci rabon lokaci. Likita ya ce in riƙa tafiya saboda sukari, har yau ban samu awa ɗaya tawa ba.

Ɗaya daga Masu Shiryawa
Inna Maman Hadiza, ba ƙin ta muka yi ba. Mun ji tsoron surutu ne, kada a ce mun tara ƴan mata a titi a rufe mana abin gaba ɗaya. In iyaye mata za su tsaya a kai, a samu fili mai katanga kamar na makaranta, mata su yi alƙalanci, mu za mu kawo lambobi da kyauta.

Malam na Zariya
In da sutura, da izinin iyaye, ba cakuɗa, ban ga abin hanawa ga yarinya ƴar 12 ba.

Baban Nana
Jama'a na gode, na karanta duka, na Alhaji na Tibiri ma na karanta. Daren jiya mun zauna da uwargida. Ashe shirun cike yake da magana. Sharuɗɗanta huɗu. Kai yara lakwal ya dawo wuyana, in ina son horo in kai su sannan in wuce kasuwa ta doguwar hanya. Ko dala ba za ta fita daga kuɗin cefane ba. Hular kwanon yaro za a fara saya kafin tawa. Yammacin Lahadi kuma nata ne, ta ce ba har Disamba ba, har abin da hali ya yi. Wannan na ƙarshen Ɗan Burja kai ka jawo min.

An auna ni da safe, an ce ba laifi amma in rage gishiri in koma bayan mako biyu. Ban sa suna ba tukuna, sai Yaya ta gama da Inna. Masu shekara 35 zuwa sama da ke da niyya su yi magana, mutum goma ake nema.

Ɗan Burja
Ni ɗaya. Akwai wani maƙwabcina mai gadi, shi ma zai so, amma ba shi da hula. Wanda ke da ta aro ya taimaka.

Ɗan Kabu-kabu
Akwai biyu a wurina, na babur ne, nauyi gare su amma sun fi babu.

Mushe Mai Ritaya
Gwiwa ba za ta bar ni in hau ba. Ku ba ni wurin ruwa na wajen juyawa, ni da jikokina.

Yaya Hajiya
Na je wajen Inna. Ta ce a kawo wandon ta gani da idonta tukuna.

Maman Hadiza
Ni kuma na samu iyaye shida a layinmu da suka yarda, wata shugabar makaranta ta ce in zo ranar Litinin mu yi maganar fili. Mai shiryawa, kekuna huɗu gare mu ga yara bakwai. Za a iya yi rukuni biyu, ko sai mun nemo aro?

Ɗaya daga Masu Shiryawa
Rukuni biyu ya yi, sai a riƙe lokacin kowa da agogo. Ki turo min shekarunsu ta akwatin sirri kafin Juma'a don a san yawan lambobin da za a buga.